Ba ruwan sama kaɗai ya ka da masallacin Birni ba

Yau magana ce gare ni mai ɗaci. Wanda ta taɓa shi sai ya yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ran Talata 3 ga watan Satumba na shekarar 2024, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya zube ƙasa. Masallaci ne na ƙasa, kakanninmu suka gina shi tun ƙarni na 19, aka yi shekara fiye da 150 ana salla cikinsa. Kafin a jima hotonsa ya zagaye wayoyin mutane daga Yamai har Difa. Kowa ya yi salati. Kowa ya ce ikon Allah, ruwa ne ya yi yawa. Daga nan sai kowa ya koma harkar gabansa.

Gaskiya ne ruwa ya yi yawa. Damanar 2024 ta yi ɓarna a ƙasarmu wadda tsofaffi suka daɗe ba su ga irinta ba. Ɗaruruwan mutane suka rasu, fiye da mutum miliyan guda suka shiga wahala, har gwamnati ta ɗage komawar yara lakkwal zuwa ƙarshen watan Oktoba. Ban musanta ko ɗaya ba. Amma ina da tambaya. Masallacin nan ya ga damana fiye da 150. A cikinsu duka, ba a taɓa yin mai ruwa da yawa ba? An yi. Me ya sa bai faɗi ba sai a zamaninmu, mu masu mota da siminti da takardun shaida? An ma ce an ga tsaga jikinsa tun kafin ya faɗi, aka rasa yadda za a taɓa shi don ruwa ya riga ya sauka. To, ina muke da rani?

Abin da wani magini ya koya mini

A ajin yaƙi da jahilci da nike koyarwa da dare akwai wani dattijo, magini ne ɗan magini. Ya zo koyon karatu da tsufansa don ya riƙa karanta saƙon ɗansa da kansa. Kwana biyu bayan faɗuwar masallacin ba mu iya yin darasi ba, maganar kawai ake yi. Na ce masa: "Baba, ashe ƙasa ba ta da alkawari." Sai ya dube ni ya ce: "Malam, kai ka san takarda, ni na san bango. Bango ba ya faɗuwa sai ya yi sallama. Yakan yi shekara uku yana sallama, in ba a amsa masa ba sai ya tafi."

Na ce ya yi mana bayani, ni kuwa na ɗauki alli ina rubuta kalmominsa a allo. Ya ce ginin ƙasa kamar gona yake, kowace shekara yana son hannu. Da bazara, kafin ruwan fari, akan hau soro a duba rufi, a toshe duk wata tsaga. A yashe indararo don ruwa ya zuba nesa da bango. A cike gindin bango inda ruwa ya ci. A duba azara ko gara ta shiga. Bayan shekara kaɗan a sake yaɓe. Masu hali su shafa makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Aikin kwana uku ne ko huɗu a shekara. Wanda ya yi shi ya kwana lafiya da damana, wanda ya ƙi kuma ya kwana yana tarbar ruwa da ƙwarya.

Daren nan allona ya cika: tubali, birji, azara, ɗaurin guga, tulluwa, zanko, rawani, indararo, makuba, laso. Akwai samari shida a ajin, duka haifaffun gari. Babu wanda ya san rabin kalmomin nan. A nan na gane ba masallaci kaɗai ya faɗi ba.

Mene ne Birni?

Bari in tuna wa wanda ya manta. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mai da gadon sarautar Damagaram wannan gari da Nasara ke kira Zinder. Ɗansa Tanimun, wanda ya rasu a 1884 bayan ya yi mulki fiye da shekara 30, shi ya ɗaukaka garin. Ya ƙarfafa garu mai ƙofa bakwai, ya sa maƙera suka zuba masa igwa a nan cikin gari. Ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus, su biyo ta Gat da Agadas su sauka Zango, su wuce Kano. Attajirai irin su Malam Yaro suka gina gidaje a Zango, da zaure da soro da zane a fuskar gida. Bajamushen nan Bart, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka garin a ƙarshen 1852 ya yi kamar wata guda. A garin aka kashe kyaftin Kazamaju na Faransa a 1898. A shekara mai bi mata aka yi yaƙin Tirmini, Nasara suka ci gari, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce babban birnin mulkin Nijar, kafin a ɗauke shi a kai Yamai.

Duk wannan labari, a ina yaro zai gan shi da idonsa? Littattafan da aka rubuta shi ciki, yawancinsu da Faransanci ne, waɗansu ma suna Turai. Talakan da bai shiga lakkwal ba, littafinsa shi ne fada da masallaci da guntun garu da zanen ƙofar gida. Mu ma'aikatan yaƙi da jahilci muna shan wahala mu koya wa mutane karanta baƙi a takarda, ga shi kuwa muna kallo ana yage littafin da kowa ya iya karantawa ba tare da malami ba. Garun Tanimun, in ban da ɗan abin da ya saura nan da can, ya tafi. Na ga da idona ana saran gindin abin da ya saura ana loda wa amalanke, za a buga bulo.

Masu cewa a bar shi ya faɗi

Na san abin da ake faɗi a majalisu, don an faɗa mini a gabana. Bari in ɗauke su ɗaya ɗaya.

Na farko su ne masu cewa ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Mun yi imani da ƙaddara. Amma malamanmu sun karantar da mu a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali. Mai wannan magana, in rufin kantinsa ya fara yoyo, ba ya cewa ƙaddara, da sassafe zai aika a kira mai gyara. Sai ga kayan jama'a ne kaɗai muke tuna ƙaddara. Wannan ba tawakkali ba ne, lalaci ne aka naɗa wa rawani.

Na biyu su ne masu cewa ginin ƙasa yana kashe mutane, gara a rushe a yi na siminti. Wannan magana tana da nauyi, ba zan yi wasa da ita ba. Kowace damana muna binne mutanen da ɗaki ya faɗa musu, yawanci yara da tsofaffi. A Zariya ma, cikin watan Agusta na 2023, wani sashe na tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina ya rufta kan masu salla, aka yi asarar rayuka. Rai ya fi kowane gini. In bango ya riga ya mutu kuma akwai mutane ƙarƙashinsa, a fid da su yau, kada a jira gobe. Amma mu duba waɗanne ɗakuna ne ke faɗuwa. Yawancinsu waɗanda aka gina ne cikin kwari ko kan hanyar ruwa, da bulo sirara, ba tushe, ba gwani, ko kuwa tsofaffin da aka yi shekara goma ba a hau kansu ba. Ba ƙasa ta kashe mutanen nan ba, talauci ne da sakaci. Kuma in an ce kowa ya yi na siminti, wa zai saya wa mai tallan ruwa siminti da ƙarfe? Mafi yawan ƴan Nijar cikin ɗakin ƙasa suke kwana, kuma haka za su daɗe. In mun bar gwanintar ginin ƙasa ta mutu, talaka ba zai koma gidan siminti ba, zai koma ɗakin ƙasa marar kyau ne, wanda ya fi saurin kashe shi.

Na uku su ne masu cewa ci gaba. A ganinsu ginin ƙasa alamar ƙauyanci ce, mutum bai isa ba sai ya yi bulo da kwano. To, a tambayi wanda ya kwana ɗakin kwano cikin watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura awo 40, ga wuta an ɗauke. Da tsakar dare zai jawo tabarma ya fito ƙofar gida. Maƙwabcinsa mai soron ƙasa yana ciki yana barci, don bango mai kauri yakan riƙe zafin rana bai bari ya shiga da sauri ba, da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Kakanninmu ba su yi karatun injiniya ba, amma sun san ƙasar da suke zaune cikinta. Ban ce kada a yi asibiti da gada da siminti ba. Kowane abu da muhallinsa. Abin da na ƙi shi ne a rushe zauren da ya shekara ɗari a jera shaguna huɗu masu ƙofar ƙarfe, a ce wai gari ya waye.

Na huɗu su ne waɗansu ƴan boko abokaina, masu cewa fada da garu kayan sarakai ne, da gumin talakawa da bayi aka gina su, gidajen Bariki kuwa na ƴan mulkin mallaka ne, me za mu yi da su? Gaskiya ne Damagaram ta yi cinikin bayi, kuma ba Tanimun ya ɗauki ƙasa a kansa ba. Amma don haka ne ma ya kamata a bar su tsaye. Sarki yana da maroƙa masu faɗin sunansa har gobe. Bawan da ya cuɗa ƙasa da ƙafarsa, ba wanda ya san sunansa, abin da ya bari duniya shi ne bangon nan. In ka rushe shi, ba sarki ka shafe ba, shi ka shafe. Haka nan gidajen Nasara. Mai shari'a ba ya ƙona shaida don ta tuna masa da laifi.

Su wa suka ka da shi?

Tun da na ce ba ruwa kaɗai ba ne, sai in faɗi sauran.

Akwai mai kuɗin da ke son ya yi abin kirki bai tambayi gwani ba. Ya sayi siminti ya sa a shafe tsohon bango da shi, ya ce ya huta da yaɓe har abada. Bangon ƙasa kuwa yana shan laima yana fitar da ita. In aka rufe shi da siminti, ruwa ya shiga ta ƴar tsaga ko ya hau daga ƙasa, ba shi da hanyar fita. Ciki na ruɓewa, waje na sheƙi. Ran da zai faɗi, da simintin da ƙasar tare za su zo, ba ko sallama. Wannan shi ne a yi wa mai ƙurji riga mai tsada a hana shi magani.

Akwai mu kanmu masu zuba shara. Lungunan Birni ƙanana ne, ga duwatsu, ruwa yana da hanyoyinsa tun dā. Yau leda ta toshe su. An cike kududdufai an yi gini bisansu. Wani ya ɗaga ƙofar gidansa da daɓen siminti ya tura wa maƙwabci ruwa. Ruwan da ya rasa hanya sai ya kwanta gindin bango, shi kuwa bangon ƙasa daga gindi yake mutuwa.

Akwai magada. Gida guda, magada ashirin, waɗansu na Yamai, waɗansu na Kano, waɗansu na Libiya. Kowa na jiran wani ya fid da kuɗin gyara, kowa na tsoron in ya gyara a ce yana so ya cinye gado. A bar tsohuwa ɗaya ciki da ƴan haya. In ya faɗi sai a taru a sayar da fili a raba kuɗi, har wani na jin daɗi a ransa.

Akwai masu iko. Tun watan Yuni na 1997 ƙasarmu take da doka ta kare kayan tarihi. A 2006 Nijar ta sa Birnin Damagaram da fadar sarki cikin jerin wuraren da take so hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya. Tsakanin 2006 da faɗuwar masallaci shekara 18 ke nan. Takarda ba ta yaɓe. Da kuɗin da akan kashe wajen taro guda na kwana uku a otel, da abinci da kuɗin zama, an sayi azara an biya magina sun duba rufin masallaci da rani. Mun saba jiran Bature ya zo da kyamara ya ce abinmu na da kyau, sannan mu yarda. Masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa shekaru da dama saboda rashin kwanciyar hankali, sai muka yi kamar ba sauran dalilin gyara. Ashe don baƙo muke share gida?

Akwai mu malamai. Ni kaina na yi shekaru ina koyar da baƙaƙe da kalmomin gona da kasuwa da asibiti, ban taɓa kai ɗalibaina su dubi zanen ƙofar da suke wucewa kullum ba. Laifin da na ɗora wa wasu, nawa kason na ciki.

Waɗanda suka yi, ba aljannu ba ne

Kada wani ya ce abin ba ya yiwuwa. Hasumiyar masallacin Agadas ta ƙasa ce, tsawonta mita 27, asalinta tun ƙarni na 16. Itatuwan da ke fitowa jikinta ba ado ba ne kawai, matakala ce ta masu yaɓe. Mutanen Agadas ba su daina hawa suna gyara ba, har a 2013 UNESCO ta karɓi tsohon garinsu. A Jenne ta ƙasar Mali, kowace shekara gari duka ke fitowa rana guda, maza na ɗaukar laka, mata na kawo ruwa, a yaɓe babban masallaci kamar ana biki.

In an ce waɗannan na dā ne, to ga na zamaninmu. A Yama, cikin jihar Tawa, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, jama'ar gari na kawo masa ruwa da bulo da itace. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda manyan injiniyoyin duniya ke nema. A Dandaji kuma, da tsohon masallacinsu ya tsufa ya yi wa jama'a kaɗan, an so a rushe shi. Wata ƴar ƙasarmu mai zanen gine-gine, Mariam Issoufou Kamara, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka kawo wata shawara. Aka gina sabon masallaci babba da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, tsohon kuwa aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. An gama aikin a 2018. Ƙauye ya iya wannan, birnin Tanimun ya kasa?

Abin da nike kira a yi

Ba kuɗin Turai nike nema ba. Ga abin da ke hannunmu.

Ɗaya. Kowace shekara da bazara, mai martaba sarki da magajin gari su sa ranar gayya ta Birni da Zango. Masu unguwa su fito da samari, a yashe magudanan ruwa, a duba rufin masallatai da zauruka. Limamai su faɗe ta a huɗuba mako biyu kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Biyu. Kada a sake shafa siminti jikin tsohon gini, ko a rushe shi, sai an kira Sarkin Magina da ma'aikatan al'adu sun gani. Doka tana nan, a yi aiki da ita, a fara da manya kafin a zo kan talaka.

Uku. Gidan da magada suka yi yawa, alƙali da dattawan dangi su naɗa mutum guda mai kula da shi, a ware wani abu daga kuɗin haya don gyara, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu.

Huɗu. Tsofaffin magina da suka rage, a biya su su koyar. Makarantun koyon sana'a suna koyar da walda da kanikanci da ɗinki, me ya hana su koyar da ɗaurin guga da haɗa laso? Kuma giginyar da ake yin azara da ita ta yi wuya, ita kuwa ba ta girma da sauri. Wanda bai shuka bana ba, jikansa ba zai sami abin rufi ba.

Biyar. Wannan namu ne, mu malaman yaƙi da jahilci da ɗalibanmu, daga Damagaram har Maraɗi da Tasawa da Ƙonni da Tawa, don kowane gari yana da nasa tsohon zaure. Kowane aji ya ɗauki littafi guda. A bi unguwa gida gida. A rubuta wa ya gina, a zamanin wane sarki, wane magini, me zanen ƙofa yake nufi, ina ya tsage. Mai waya ya ɗauki hoto. Mu a ajinmu mun fara, mun rubuta gida goma sha ɗaya. Dattijon nan shi ke gaba da sandarsa yana nunawa, samari na rubutu. Shi da ya zo koyo ya zama malami. Ban taɓa ganin ɗalibaina sun yi rubutu da marmari kamar na wannan aiki ba, don abin nasu ne. Wanda ya yi irinsa ya aiko wa wannan jarida tamu a buga, wasu su gani su yi koyi.

Jama'a, in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu kuwa ba na ɗan uwa ba ne, namu ne ya riga ya ƙone gefe guda. Ana iya tara kuɗi a ta da sabon masallaci, kuma Allah ya saka wa masu yi da alheri, amma bangon da hannun kakanninmu ya taɓa, in ya tafi ya tafi ke nan. Fada tana tsaye. Akwai sauran zauruka a Birni da Zango, da yawansu suna ta sallama. Damana kuwa ba ta fasa zuwa.

Allah ya ba mu ikon amsawa tun da rani. Wassalam.